Jakar Goyon Kinanti

Wening ta haddace hanyoyin ƙasashe da dama, alhali ƙafarta ba ta taɓa wuce Semarang ba. Ta san motar da ke tashi daga Bangkok zuwa iyakar Kambodiya, ta san lungun da ake sayar da miyar taliya mafi daɗi a Hanoi, ta san ƙofar da mutum zai bi idan yana son ganin tsoffin haikalan Angkor ba tare da cunkoso ba. Duk a bakin baƙi ta ji. Masaukin mahaifinta yana unguwar Prawirotaman a birnin Yogyakarta, kuma masu jakar goyo ne ke sauka a cikinsa, samari da 'yan matan da rana ta ƙona musu wuya, masu wanke riga ɗaya su shanya a baranda su zauna jiran ta bushe. Da safe takan kawo musu shayi da soyayyar ayaba, su kuwa su baje taswira a kan tebur suna musu. Idan musun ya yi tsawo sai ta raba musu gardama. Sukan tambaye ta yaushe ta je can, ita kuma ta yi murmushi ta kwashe kofuna.

Wadda ta je ita ce ƙanwarta, Kinanti. Shekarar da ɓarin jikin mahaifinsu ya shanye, bayan rasuwar mahaifiyarsu, ba wanda ya zauna ya raba aiki tsakanin 'yan'uwan biyu. Wening ce babba, sai makullan ɗakuna suka zauna a hannunta, tare da cokalin abincin tsohon da kwalaben maganinsa. Kinanti kuwa ta samu aikin rubuta wa wani kamfanin yawon buɗe ido labarin garuruwa, ta sayi jakar goyo shuɗiya, ta tafi.

Ranar da ta dawo ana yayyafi. Wening na goge daɓen zaure sai ta ga jakar ta riga mai ita shigowa, ta koɗe, an ɗinke mata tutocin ƙasashe ƙanana har ba sauran wuri, tana warin hayaƙi da ruwan sama. Bayan Kinanti wani dogon saurayi ne mai tabarau, yana riƙe da takalminsa a hannu.

"Mbak, kin ga yadda kika yi ƙiba kuwa? Zaman gida ya karɓe ki."

"Ke kuma kin yi baƙi kamar gindin tukunya. Cire takalmin, yanzu na goge wurin."

Suka rungume juna, kuma da gaske Wening ta yi kewarta. Sai dai a cikin rungumar hannunta ya sauka a kan jakar, ta ji kaushin yadin, ta yi saurin janye hannun.

"Wannan shi ne Azhar, ɗan Penang ne," in ji Kinanti. "A motar Siem Reap muka haɗu. Yana ta amai a leda, na taimaka masa da citta."

"Ƙara gishiri take yi, Kak. Sau ɗaya ne kawai."

"A nan Mbak ake ce wa yaya, ba Kak ba. Ka gyara bakinka tun kafin innarmu Budhe ta ji ka," in ji Kinanti.

Bayan sallar magariba aka zauna cin abinci. Wening ta gyara wa mahaifinsu, Pak Harjito, zama a kujerarsa, ta ɗaura masa tawul a ƙirji, ta fara ba shi shinkafa da miya a cokali kamar kullum. Kinanti ta buɗe bakin labari. Ta faɗi yadda biri ya fizge mata tabarau a matakalar wani haikali ya ƙi sakewa sai da aka ba shi mangwaro, da yadda ta yi ciniki da yatsu a kasuwar da ake ci a cikin kwale-kwale, da wani ƙaramin masallaci na katako a bakin tafki inda matan ƙauyen suka ara mata mayafin salla suka kuma hana ta tafiya sai ta ci kifi. Tsohon ya yi dariya. Rabin fuskarsa ne kawai ke motsi, amma dariya ce sosai, har da hawaye. Wening ta kai cokali bakinsa, sai ya kau da kai don kada cokalin ya tare masa fuskar Kinanti.

Ta riƙe cokalin a iska har shinkafar ta huce. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar da ta ba shi dariya irin wannan, ba ta samu ba. Me za ta ba shi labari a kai? Famfon ɗaki na sama da ke yoyo?

Kafin a kwashe kwanuka Kinanti ta sanar cewa iyayen Azhar za su zo neman aurenta. Aka yi hamdala. Budhe Sumirah, yayar marigayiyar mahaifiyarsu, wadda gidanta ke jikin nasu kuma ba a yanke komai sai da ita, ta ajiye kofinta a hankali.

"Madalla. Amma ƙanwa ba ta tsallake yayarta haka kawai, kamar ta tsallake kwata. Sai an yi langkahan. Za ki durƙusa a gabanta ki nemi izini, ki ba ta abin da ta zaɓa da bakinta, ta yanke zaren da hannunta. In ba haka ba, babu ɗaurin aure a gidan nan."

"Budhe, har yanzu ana wannan?"

"A Hanoi ɗinku wataƙila an daina."

Duk idanu suka koma kan Wening, cike da tausayi, kuma tausayin ya bi ta har kwanakin da suka biyo baya. Mai kawo kayan miya ta dafa mata kafaɗa ta ce komai da lokacinsa. Matan majalisin karatu suka sa sunanta a addu'a. Kowa ya ɗauka mijin ne ke ci mata rai, ita kuwa ko kaɗan Azhar bai tsaya mata a zuciya ba. Yaro ne mai ladabi da ke tsoron barkono. Abin da ke hana ta sukuni shi ne ta ji su a baranda suna tsara abin da za su yi bayan biki: za su goya jakunkuna su haura Sumatra ta ƙasa, su tsallaka teku zuwa Penang, daga nan su ga inda hanya ta nufa. Suna faɗar sunayen garuruwan kamar sunayen maƙwabta, ita kuma tana ninke zannuwan gado a bayansu.

Wata safiya Azhar ya same ta tana jera kofuna.

"Mbak, wane haikali ya kamata in fara gani a nan? Kinanti ta ce ke ce malamar."

"Prambanan," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ku je tare. Da hantsi ya fi kyau."

Ya yi godiya ya tafi neman babur na haya. Shi da Kinanti ba su kai ƙofa ba Budhe Sumirah ta tare su, ta juya su zuwa haikalin Borobudur ba tare da ta ba su dalili ba. Sannan ta shigo kicin ta tsaya a bayan Wening.

"Kin san abin da ake faɗa game da wurin nan. Masu neman aure ba sa zuwa tare, rabuwa suke yi."

"Camfi ne, Budhe. Mu musulmi ne."

"Na san camfi ne. Ke ma kin sani. To me ya hana bakinki ya ce Borobudur?"

Wening ta ci gaba da jera kofuna. Bayan sallar azahar ta daɗe a kan darduma tana istigfari. Ta binciki zuciyarta kamar mai neman allura a tsumma, ta ga ba rabuwarsu take so ba. Ko sun rabu, Kinanti za ta goya jakarta ta sake tafiya ne. So kawai ta yi wani abu na ƙanwarta ya ɓaci, ko da guda ɗaya ne, tunda komai nata yana tafiya sumul. Ta san sunan wannan ciwo, ta san kuma abin da aka ce yana yi wa kyawawan ayyuka. Ta roƙi Allah Ya cire mata shi. Da ta fito ta ga jakar rataye a bayan ƙofar Kinanti, sai ta ji yana nan daram.

Da bikin ya matso, Kinanti ta ja ta zuwa kasuwar Beringharjo don ta zaɓi abin da za a ba ta. Suka kutsa cikin layin masu batik, inda yadi ke rataye har rufi kuma warin kakin rini ke gauraye da na busasshen kifi. Wasu Turawa biyu masu jakar goyo sun tsaya a tsakiyar hanya suna juya waya sun ɓata, Kinanti ta nuna musu hanya da harshensu tana dariya.

"Mbak, ga wannan mai ruwan ƙasa. Zai dace da ke."

"Ina da irinsa."

"To awarwaro? Ko takalmi?"

"Ina zan je da takalmi?"

Kinanti ta tsaya tana tunani, sai fuskarta ta washe. "Na gane. Injin wanki. Babba, mai busarwa. Na ga yadda kike fama da zannuwan nan, hannunki duk ya yi kanta. Da shi za ki huta har tsufa."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, wannan ne ma ya fi ciwo. Wening ta dubi ƙanwarta, ta ga yadda ta riga ta zana mata sauran rayuwarta tsaf, a tsakanin igiyar shanya da kujerar Bapak, mahaifinsu.

"Bar shi," ta ce. "Zan faɗa ranar."

Jajiberin ɗaurin aure, bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Dangi suka cika wurin, ga iyayen Azhar a gefe suna kallon komai da natsuwar baƙi, ga wasu daga cikin masu jakar goyo suna leƙe daga baranda. An kawo curin shinkafa mai tsini a kan ganyen ayaba, da sandar rake da Wening za ta dogara, da almakashi a kan faranti. Kinanti da Azhar suka riƙe farin zare, kowa da bakinsa ɗaya. A kan wani tire Budhe ta jera batik da takalmi da mayafi, don kada a ji kunya idan Wening ta ci gaba da noƙewa.

Aka zaunar da Wening a kujera kusa da mahaifinta. Kinanti ta saki zaren, ta rarrafo da gwiwa, ta ɗora goshinta a kan gwiwar yayarta, ta yi magana da harshen girmamawa da ake yi wa manya.

"Mbak Wening, na zo neman gafararki da izininki. Ba raini ya sa zan riga ki ba. Ki faɗi abin da kike so, in ba ki."

Wasu mata suka fara share ido.

"Jakar nake so," in ji Wening.

"Wace jaka?"

"Shuɗiyar."

Aka yi dariya, dariyar samun sauƙi. Kinanti ma ta ɗago tana murmushi cikin hawaye. "Wannan tsohuwar? Zan sayo miki sabuwa, Mbak."

"Ita nake so. Da kuma wanda zai riƙe makullai, ya ba Bapak abinci da magani, har in dawo."

Dariyar ta ɗauke. Kinanti ta matso da bakinta kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Mun riga mun tsara tafiyarmu. Kin sani."

"Na sani. Ina ninke kaya a bayanku kuna tsarawa."

"A gaban mutane za ki yi min haka?"

"A gaban mutane aka ce a yi, Dik, ƙanwata. Ba ni na kawo al'adar ba."

Budhe Sumirah ta gyara murya. "Wening, kaya ake nema a nan, ba mutum ba."

"Abin da na zaɓa da bakina kika ce, Budhe. Ban ji kin ware komai ba."

Almakashin yana nan a kan faranti, Wening kuwa ba ta miƙa hannu ba. Kunya na cin ta, amma ta ƙudure cewa ko za a kai magariba a haka ba za ta taɓa shi ba.

Sai Pak Harjito ya yi magana. Tun da ciwon ya kama shi kalmominsa a cakuɗe suke fita, kuma duk gidan Wening ce kaɗai ke gane su. Kowa ya juyo gare ta yana jiran fassara. Ta san duk abin da ta ce ya faɗa, shi za a ɗauka.

"Cewa ya yi, wa zai riƙa haɗa masa shayi."

Azhar, wanda har yanzu yake tsaye riƙe da bakin zare shi kaɗai, ya ɗaga hannu kamar ɗalibi a aji.

"Ni, Pak. Mu 'yan Penang da shayi aka yaye mu."

Mahaifiyarsa ta harare shi, wani kawu ya tuntsire da dariya. Kinanti ba ta yi dariya ba. Ta miƙe tsaye, abin da ba a yi a tsakiyar langkahan, ta shige ɗaki, ta fito da jakar, ta kife ta a kan tabarma. Safa marasa 'yan'uwa suka zubo, da bawon katantanwa, da igiyar cajin waya, da wani sabulu da ya tsage. Ta ajiye jakar a cinyar yayarta da ƙarfi.

"Maɗaurin hagu yana cin kafaɗa. Ina fata ya ci taki har ƙashi."

"Na gode, Dik."

Kinanti ta koma ta kama bakin zarenta. Wening ta yi bismillah ta yanke. Ta dogara sandar rake, ta kama hannun ƙanwarta ta tsallakar da ita curin shinkafar kamar yadda aka saba. Hannun a sandare yake, bai matsa nata ba. Washegari aka ɗaura aure, aka ci aka sha, 'yan'uwan biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a hoto ba su ce wa juna uffan ba.

Bayan biki Wening ta miƙa wa Kinanti makullan ta tafi. Maɗaurin ya ci kafaɗar kuwa. Kafin Wening ta bar Bangkok fatar wurin ta saɓule, sai da ta riƙa cusa ɗankwali a ƙarƙashinsa. Ta tarar haddar da ta yi ba ta hana ɓata: ta yi yawo a wata kasuwa mai layi kamar saƙar gizo har ƙafafunta suka kumbura, ta ci wani abu da ya kwantar da ita a ɗakin kwana na mutum takwas, ta yi salla a bayan tashar mota a kan kwali, wata mai sayar da abarba tana kore mata karnuka. Duk da haka kowace safiya takan farka da mamakin cewa babu kofin kowa da ke jiranta.

A Angkor ta bi ta ƙofar da ta sha nuna wa wasu, ta same ta kamar yadda aka faɗa. Da rana ta take, ta zauna a inuwar wani bango da saiwoyin bishiya suka haɗiye rabinsa, ta kira gida ta bidiyo. Kinanti ce ta ɗauka. Maganarsu tun bayan biki ba ta wuce ta magani da makullai ba.

Abin da Wening ta fara gani shi ne an sauya wa tebura wuri, an fitar da su ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Can ga Bapak an yi masa aski, sanye da rigar da ba ta sani ba, ga Azhar a gabansa yana tsiyaya shayi daga kofi zuwa kofi, yana ɗaga hannu sama har shayin ya yi kumfa. Tsohon na dariya. Da ya hango ta a wayar ya faɗi wani abu. Wening ta buɗe baki za ta amsa, sai Kinanti ta riga ta.

"Ya ce kin rame, kin yi baƙi."

"Na ji abin da ya ce."

"Ai na ɗauka ko iskar waje ta toshe miki kunne."

Ciwon nan ya sake taso mata, shi ne dai, bai canza ɗanɗano ba. Ta haye teku da ƙasashe, ga shi ya biyo ta ya juya fuska yana kallon gida.

"Juya wayar in gani," in ji Kinanti.

Wening ta juya. Ta bi da ita a hankali kan saiwoyin, da sassaƙen mata masu rawa a jikin dutse, da hasken da ke saukowa ta rufin da ya rushe.

"Lokacin da na je ana gyaran wannan gefen, an kewaye shi," in ji Kinanti. "Daga nan ina za ki? Hanoi?"

Hanoi ɗin Wening ta yi niyya, don tun farko sawun ƙanwarta take bi gari bayan gari. Ta mai da wayar kan fuskarta.

"Wane gari ne ba ki taɓa zuwa ba?"

Kinanti ta dube ta, ta gane. "Luang Prabang. Can muka so mu je ni da Azhar."

"To can za ni."

"Ba ki da kirki, Mbak."

"Ki ce wa mijinki ya rage sukari, likita ya hana."

"Ki turo hotuna. Kada ma ki turo... Turo dai."

Wening ta kashe wayar. Ta gyara ɗankwalin a kafaɗarta, ta yi bismillah ta goya jakar, ta nufi inda masu keken haya ke jira, don ta tambayi motar da ke zuwa arewa.